Yadda Ake Shirya Kwanan Daji a Bakin Tafkin Tabalak

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san wurin da motoci ke rage gudu, ƙamshin soyayyen kifi ya shigo ta taga, ruwa kuma ya bayyana a shimfiɗe kusa da titi tsakanin tuddai da rairayi. Wannan shi ne tafkin Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 daga birnin Tawa, a cikin gundumar Abalak. Sanin da yawancinmu muka yi masa bai wuce na matafiyi ba, wato a tsaya a sayi kifi, a yi salla, a wuce. Tun shekarar 2005 tafkin yake cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, musamman saboda tsuntsayen da ke sauka a cikinsa, amma da wuya ka sami ɗan Tawa ko ɗan Yamai da ya ware kwana biyu domin ya zauna a bakinsa ya dube shi da kyau. Wannan bayani na waɗanda ke da niyyar yin haka ne. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, bakin tafki a ƙasar Adar da Azawak wuri ne mai masu shi. Masunta na neman abincinsu a ciki, masu lambu sun kewaye shi da albasa da tumatir da dankali, makiyaya kuma suna shayar da dabbobinsu a nan, saboda haka mai zuwa kwana baƙo ne, kuma kusan kowane mataki na shirinsa daga wannan gaskiyar yake tasowa.

Mataki na farko: labarin hanya

Kafin a sayi ko da ƙwayar ashana, a fara da neman sahihin labarin tsaro, domin shi ne zai yanke ko tafiyar za ta yiwu ko a ɗage ta. Tun shekarar 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tawa, irin su Tiliya da Tasara, kuma a watan Agustan 2020 an kashe mutum 8 a yankin Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, wurin da kafin ranar mutanen Yamai ke ɗauka tamkar bayan gida. Halin da ake ciki yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin da wani ya ba ka na tafiyar da ya yi bara ba hujja ba ne a bana. A je ofishin jandarma da kai, a faɗi inda ake son zuwa, da yawan mutane, da ranar tafiya da ta dawowa, sannan a tuntuɓi ofishin magajin garin Tabalak ko wani ɗan garin da aka amince da shi. Direbobin da ke bin hanyar kullum su ma suna da labari, amma nasu ƙari ne a kan na hukuma. Idan aka ce a dakata, to a dakata ba tare da gardama ba, tafki ba ya gudu. Idan kuma aka ce ana iya zuwa amma ba a yarda da kwana a fili ba, sai a nemi masauki cikin gari a riƙa fita bakin ruwa da rana, kuma kusan duk abin da ke cikin wannan bayani zai yi amfani a hakan ma.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A wannan tsakanin tafkin yana riƙe da ruwan damina, rana ba ta da zafin da ke hana motsi, sauro ya ragu, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai kuma sun iso. Abin da ake biya a madadin wannan daɗi shi ne sanyin dare da ƙurar hunturu, kuma mutanen birni sukan raina sanyin, alhali a bakin ruwa, inda babu bango mai tare iska, ɗarin asuba yana ratsa ƙashi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ruwa ya ja baya ya bar taɓo, kwana a fili ya zama wahala ga yara da tsofaffi. Damina kuwa ban ba kowa shawarar kwana a wajen ba, saboda ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya cika ƙorama cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba. Wanda ke son kallon taurari ya zaɓi ƙarshen wata lokacin duhu, wanda kuma ke tafe da yara ya zaɓi daren sha huɗu da kewayensa, domin farin wata yana sauƙaƙa komai.

Mataki na uku: abokan tafiya da mota

Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma kada ayarin ya yi yawan da zai zama biki. Mutum huɗu zuwa takwas sun isa, a cikinsu a sami wanda ya san hannun mota, da wanda ya iya taimakon gaggawa, in da hali kuma da mai jin Tamashek ko Fulatanci, ko da yake Hausa tana wadatarwa a Tabalak. A raba aiki tun a gida, a san mai kula da ruwa, da mai girki, da mai riƙe kuɗin taro.

Mai fitowa daga Yamai yana da tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya kai Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sai ya karkata arewa a Tsarnawa. Wannan tafiyar yini ce, saboda haka ya kwana a Tawa ya ƙarasa da safe, kada ya haɗa su a rana ɗaya har dare ya same shi a hanya. A duba taya da birki da ruwan inji, a tabbata tayar ajiya tana da iska, a ɗauki jak da famfon iska da igiyar ja da shebur. A cika tanki a Tawa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, takardun mota su kasance cikakku, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. A bar wa wani a gida cikakken bayanin inda za a sauka da lokacin da za a kira shi, a kuma rubuta lambobin da ake bukata a takarda, har da 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana, saboda waya tana iya mutuwa da duk abin da ke cikinta.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Ruwan sha shi ne kayan farko da za a ɗora a mota, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, don suna ganin ai bakin tafki za su. Ruwan tafkin dabbobi suna shiga cikinsa, ana wanki a gefensa, bai kamata ya shiga cikin baƙo ba. A lissafa aƙalla lita 5 ga kowane mutum a kowace rana domin sha da girki, a ƙara na alwala da wanke kwanoni, sannan a ɗora na yini guda a kai saboda lalurar da ba a zata ba. Mutum shida masu kwana biyu ba za su yi nadamar ɗaukar jarka huɗu masu lita 25 ba. Idan ruwan ya ƙare dole ta sa a ɗebi na rijiya ko na tafki, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a saka ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin awa kafin a sha.

Abinci ya zama wanda ba ya lalacewa da wuri kuma ba ya cin wuta da yawa: shinkafa, taliya, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, busasshen zogale, mai, gishiri, yaji, da kayan shayi. Kifi da albasa da tumatir kuwa a bar su a saya a can, domin sun fi sabunta, kuma kuɗin da baƙo ya kashe a hannun masunta da masu lambu yana daga cikin abin da ke sa a yi marhabin da shi. Saboda haka a tafi da canji, ƴan dala ashirin-ashirin da ɗari-ɗari da jika-jika, kada a dogara da manyan takardu.

Wajen shimfiɗa, tabarma ita kaɗai ba ta hana sanyin ƙasa hawowa, sai an ɗora mata katifa marar kauri ko bargo a ninke. Kowa ya zo da bargo mai nauyi, da rigar sanyi, da hula ko rawani, da safa. Tanti yana da amfani ga wanda ke da shi, amma wanda ba shi da shi kada ya fasa tafiya, domin tamfol babba da sanduna huɗu da igiya da turaku suna yin rumfa mai kyau, a rataya sange a ƙarƙashinta. Sange dai wajibi ne ko da tanti ko babu. A ɗauki takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya, da tocila ga kowane mutum, da batirin cajin waya, da man shafawa saboda kaushin hunturu, da buhunan da za a zuba shara. A akwatin magani a sa bandeji, da maganin wanke ciwo, da na ciwon kai da zazzaɓi, da hantsaki na cire ƙaya, da gishirin zawo. In babu na fakiti, ana haɗa shi da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ya ɗauki maganinsa fiye da na kwanakin tafiyar.

Mataki na biyar: sallama da neman izini

A yi ƙoƙari a isa kafin azahar, ko a makara kada a wuce la'asar, domin akwai aikin da ya fi kafa tanti muhimmanci kuma ba a yin sa da gaggawa. Kada a zarce bakin ruwa a fara sauke kaya kamar an zo filin da ba na kowa ba. A fara da hukuma, a sanar da jami'an tsaron garin an iso, a gaida jami'in gandun daji in yana nan, sannan a nemi mai gari ko mai unguwar da ke kusa da wurin da ake so. A garuruwan bakin ruwa akan sami sarkin ruwa ko wani dattijo da masunta ke jin maganarsa, shi ma a kai masa gaisuwa. Babba a cikin ayarin shi zai yi magana, bayan an cire takalmi an zauna an gama gaisuwa a natse, a tambayi iyali da sanyi da dabbobi. Bayan nan sai ya ce wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga Tawa. Mun zo ne mu kwana biyu a bakin ruwa mu huta, mu nuna wa yara tsuntsaye. Muna roƙon a nuna mana inda za mu sauka ba tare da mun takura wa kowa ba." A riƙa ɗan abin gaisuwa a hannu, goro ko sukari da ganyen shayi, gwargwadon hali.

Wannan zama na rabin awa yana saya wa baƙo abin da kuɗi ba sa saya. Daga lokacin an san da shi, idan wani ya ga wuta a bakin ruwa da dare ba zai ɗauka ɓarayin dabbobi ba ne, idan kuma wata matsala ta taso akwai wanda zai tsaya masa. A roƙi a haɗa ku da wani ɗan gari da zai zama jagora, a yi ciniki da shi a fili tun farko a kan abin da za a ba shi, kada a bar shi a kan "sai abin da kuka bayar", domin irin wannan ne ke haifar da ɓacin rai ranar rabuwa. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka a tambaye shi komai: ina ne ruwan ke da zurfi, ina ne taɓo ke riƙe ƙafa, ta ina shanu ke sauka, wane wuri ne mata ke ɗibar ruwa ko wanka domin a kauce masa. Haka nan kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum, balle mace ko yaro, sai an nemi yardarsa.

Mataki na shida: wurin sauka da kafa tanti

Wuri mai kyau shi ne mai ɗan tudu, busasshe, shimfiɗaɗɗe, mai tazarar aƙalla taku ɗari daga bakin ruwa. Kusantar ruwa sosai tana da daɗin ido da rana, amma da dare can ne sauro da raɓa da sanyi suka fi yawa. Kada a sauka a cikin ƙorama ko da ta bushe ƙayau kuma yashinta yana da laushin kwanciya. Kada a sauka a kan burtali ko mashaya, kuma gane su ba shi da wuya, domin sawun kofato da kashin dabbobi suna nuna su, garken da ya saba bin hanyarsa da asuba kuwa ba zai kauce wa tanti ba. A nisanci shingen lambu. Inuwar bagaruwa ko aduwa tana da amfani da rana, sai dai ƙarƙashinsu cike yake da ƙaya, kuma a ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe ko gidan zuma kafin a shimfiɗa tabarma. Tarin duwatsu, da tsohon kututture, da suri, da ramukan ɓeraye, duk maɓoyar maciji da kunama ne, a ba su tazara.

Idan an tsai da wuri, a share shi da reshe ko tsintsiya, a tsince ƙaya da tsakuwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka bayan tanti ya fuskanci can, ƙofarsa ta dubi yamma ko kudu maso yamma, a kuma ajiye mota ta gefen iskar ta zama kariya, gabanta yana duban hanyar fita yadda ba sai an yi juyi ba in tashin gaggawa ya kama. A shimfiɗa tamfol a ƙasa, a baje tantin a kai, a fara kafe kusurwoyi biyu na ɓangaren iska kafin a ɗaga shi, in ba haka ba iska za ta ɗauke shi daga hannu. Ana buga turke a karkace, kansa yana kallon waje, ya yi gaba da jan igiya. A cikin rairayi turke ba ya kamawa, dabarar ita ce a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun ice, a binne shi a kwance cikin rami mai zurfin kamu ɗaya, a danne da ƙafa, ko a cika buhu da yashi a ɗaure a jikinsa. Madafa ta kasance ta ɓangaren da iska ke tafiya, nesa da tanti da taku goma ko fiye.

Kafin duhu a keɓe wurin bahaya, nesa da ruwa da aƙalla taku 70, nesa kuma da lambu da hanya. A haƙa rami, a ajiye shebur da buta da sabulu a gefe, kowa ya rufe da ƙasa bayan ya gama, in akwai mata a ayarin a kewaye shi da zane ko tamfol. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta bahaya da fitsarin da ke gangarawa cikin ruwa ne cututtuka ke komawa jikin mutanen da ke rayuwa da tafkin.

Mataki na bakwai: wuta

Shawarata ita ce a zo da tukunyar gas ko gawayi daga gida. Itacen da ke kewaye da tafki shi ke riƙe ƙasa kada rairayi ya cike ruwan, kuma wanda ya ga irin wahalar da mutanen Keita suka sha tun daga 1984, mata da maza suna jera duwatsu a kan tuddai suna dasa itatuwa domin ceto ƙasar da ta ƙeƙashe, ba zai sa gatari a ɗanyen ice don dafa shayi ba. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ta tanadi hukunci a kan saran itace ba bisa ƙa'ida ba da kuma tayar da gobarar daji. In ana son wutar jin ɗumi, a sayi ice a gari, ko a tsinci ƴan ƙirare da suka faɗi da kansu bayan an tambayi jagora.

A share ciyawa har ƙasa ta fito a da'irar taku uku, a haƙa ɗan rami, a kewaye shi da duwatsu, a ajiye ruwa da shebur kusa. Wutar ta zama ƙarama, kuma kada a bar ta ba mai tsaro ko na minti ɗaya. Bayan damina ciyawar Azawak takan bushe ta zama kamar auduga, shi ya sa kowace shekara ake share hanyoyin tare gobara a yankunan Abalak da Cintabaradan, kuma tartsatsi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye abincin dabbobin rugage masu yawa na shekara guda. Kafin a kwanta a kashe ta da ruwa, a motsa tokar, a sake zuba ruwa, har sai an iya kai hannu kusa ba a ji zafi ba. Rufe garwashi da yashi kawai ba ya kashe shi, yakan kwana da rai ya ƙona ƙafar yaro da safe. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa da babbar murya: kome tsananin sanyi kada a shigar da murhun gawayi cikin tanti ko cikin mota a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ne ya wuce daga nan.

Mataki na takwas: mu'amala da ruwan

Tafki ya fi kogi yaudara, saboda fuskarsa a kwance take, ƙasansa kuwa taɓo ne da ramuka da tsofaffin taruna. Ban ga dalilin da baƙo zai yi iyo a ciki ba, ko da gwani ne. Bayan haɗarin nutsewa akwai tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, su huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa a ciki, bayan makonni a fara ganin jini a fitsari. Yara su yi wasa a tudu a gaban idon babba guda da aka ɗora wa wannan aiki shi kaɗai, domin idan aka ce kowa na duba su, to ba mai duba su. Mai son shiga kwale-kwale ya shiga da masunci na wurin, da safe kafin iska ta tashi, kada a yi lodi, kada a miƙe tsaye, in an sami rigar ceto a sa ta. Mai son jefa ƙugiya ya nemi izinin masunta da na jami'in gandun daji, don kamun kifi yana da ƙa'idojinsa, kuma sau da yawa sayen tarwaɗa ko karfasa daga hannun wanda ya kwana a kan ruwa ya fi sauƙi. Wanke-wanke da sabulu a yi shi a tudu, a zubar da ruwan a rami.

Mataki na tara: dare

A ci abincin dare da wuri, a rufe sauran a tukunya a sa a mota saboda karnuka da dila. Da magariba a sa riga mai dogon hannu, a saukar da sange a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Ba a tafiya da dare ba tocila ko ba takalmi, da safe kuma a kakkaɓe takalmi da bargo kafin a taɓa su. Idan maciji ya sari wani, musamman kububuwa wadda ta yi yawa a ƙasarmu kuma dafinta ke hana jini daskarewa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a kwantar da mutumin, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne, amma ga ƙaramin yaro maganar asibiti ce ba jinkiri.

Game da salla akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na farko, alƙibla daga yankin Tawa tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, alhali a watannin Disamba da Janairu rana tana fitowa ne ta gabas maso kudu, saboda haka wanda ya fuskanci mafitar rana a wannan lokaci ya kauce sosai, sai ya karkata hagu. Mafi sauƙi a tambayi jagora ko a lura da masallacin gari tun da rana. Na biyu, a mazhabar Malikiyya tafiyar ƙasaru tana kamawa ne daga kimanin kilomita 80, don haka ɗan Tawa da ya zo Tabalak zai cika sallarsa, ɗan Yamai kuwa matafiyi ne matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. A rage hayaniya bayan isha'i, a bar rediyo da kiɗa, domin sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, kuma masunta da masu lambu da asuba suke tashi.

Mataki na goma: safiya, da ranar tashi

Ladan duk wannan wahala yana zuwa ne tsakanin sallar asuba da hantsi. A zauna shiru a wuri ɗaya da kaya marasa ƙyalli, rana tana bayan mutum, za a ga kirinjijiya garke-garke suna fito, da zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, da balbela tana bin shanu, wani lokaci har da dinya, ga kuma ƙananan tsuntsayen bakin taɓo waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara kafin su sauka nan. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishi ayari. Kada a bari yara su jefe su ko su zo da danƙo, farauta ma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998, ba a yin ta sai da izini. Mai son hawa tudu ya ga tafkin daga sama ya tafi da jagora da ruwa, ya dawo kafin rana ta take, ya kuma lura cewa saukowa a kan tsakuwa ta fi hawa sa mutum ya zame.

Ranar tashi a fara naɗe kaya da wuri. A rufe ramin wuta da na bahaya, a mayar da duwatsu, a bi filin a jere a tsince komai, har da ledar ruwa da murfin kwalba da mataccen batiri. Leda ita ce ta fi kowace shara illa a nan, saboda awaki da shanu suna haɗiye ta ta cushe musu ciki har ta kashe su, don haka a koma da ita Tawa cikin buhu. A sallami jagora da abin da aka yi alkawari, a koma a yi ban kwana da mai gari da jami'an tsaro yadda aka yi musu sallama, sauran sukari da shinkafa a bar wa maƙwabtan da aka kwana kusa da su.

Wanda ya saba da irin wannan fita yana iya sha'awar wuraren da suka fi nisa, kamar gandun dajin Gadabeji a gundumar Bermo, wanda aka keɓe tun 1955 kuma aka kai masa raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018, ko duwatsun Abzin, inda Timiya take da magangarar ruwa da lambunan lemu, dutsen Bagzan kuma ya kai tsayin mita 2,022. A keɓaɓɓen gandu ba a shiga sai da takardar izini da rakiyar jami'ai, ba a kwana sai inda suka nuna, a Abzin kuma sanyin dare a kan dutse yakan kusa daskarar da ruwa, ga tafiyar tana bukatar mota mai jan ƙafa huɗu da jagora ɗan ƙasar da amincewar hukumomin Agadas.

Bayan an dawo gida a shanya tanti da barguna a rana kafin a adana su, a wanke jarkoki a kife. A sa ido a kan kowa na tsawon mako biyu zuwa uku, musamman yara da mata masu ciki, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar, wanda kuma ya shiga ruwan tafkin ya gaya wa likita haka ko da bai ga jini a fitsarinsa ba tukuna.